Daga Kano Zuwa Kano

Shekarar da soja suka koma bariki aka ce ga mulki nan a hannun farar hula, Kyaftin Ɗayyabu ya kusa manta warin man jirgi. Kamfanin da ya yi wa tuƙi ya mutu a tsaye, matarsa ta rasu ba da jimawa ba, shi kuma ya koma gindin Goron Dutse yana zaman shagon ƙanensa, yana ɗaga kai duk lokacin da jirgi ya wuce. Don haka da aka ce Alhaji Nata'ala na Yakasai ya sayi jirgi yana neman matuƙi, bai tsaya tambayar shekarun jirgin ba.

Alhaji dillalin fata ne da siyasa ta tsinta da rana tsaka. A zaure ya karɓe shi, ko zama bai ce ya yi ba.

"Gobe za mu tashi da jama'ata. In ka fita kunyata, aikin naka ne. In ba haka ba, masu nema suna da yawa."

"Ina muka nufa, ranka ya daɗe?"

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ba ɗan cikin gari ba ne? Ana faɗin inda za a? Malamina ya ce kada bakina ya ambaci gari sai ƙafar jirgi ta bar ƙasa. Baki ya yi yawa a garin nan."

Bakin kuwa ya riga ya gama aikinsa. Ko mai shayin bakin layi ya san jam'iyyar Alhaji ta dare gida biyu, wasu za su taru a Abuja, wasu a Ikko, duk rana ɗaya, kuma inda aka gan ka, nan ne gidanka.

Ɗayyabu ya yi ƙasa da murya. "Yallaɓai, jirgin nan da kwamfuta a gaban matuƙi. Kafin ta yi komai, abu biyu take tambaya: daga ina, zuwa ina. Gurbin hagu a sa filin tashi, na dama a sa filin sauka. Da su take auna hanya da mai. In aka bar ɗaya fanko, sai ta naɗe hannu."

"Ashe 'yar adawa ce," in ji Alhaji. "To ka lallashe ta. Ai don haka aka kira ka."

Washegari Ɗayyabu ya zauna a kujerar da ya daɗe yana mafarki. Ya danna haruffa huɗun nan na filin Kano, DNKN, ya jefa su gurbin hagu. Na dama ya tsaya yana kallonsa. Ya tuna bencin shagon ƙanensa, sai ya sake danna haruffan nan dai, ya jefa su dama. Kwamfuta ta karɓa ba musu.

Isyaku, mataimakinsa, ya leƙo. "Kyaftin, Kano zuwa Kano? Ai sai ranar gwajin jirgi ake yin haka."

"Mu me muke yi? Ƙasar ma gaba ɗaya gwaji take yi. Ka gaya wa masu hasumiyar filin jirgi shawagi za mu yi, a cika mana mai. In Alhaji ya buɗe baki a sama, mu nemi izini mu sauya."

Jirgi ya tashi da manyan riguna cike da kujeru. Da badalar da ta kewaye birni ta zama zare a ƙasa, Ɗayyabu ya aiki Isyaku ya karɓo sunan gari. Ya jima kafin ya dawo.

"Ya ce kai a ganinka ina ya fi?"

Nan Ɗayyabu ya gane an ɗora wa malami laifin da ba nasa ba. Alhaji bai ɓoye komai ba, babu abin ɓoyewar ne.

"Koma ka ce masa ni tuƙi na karanta."

Isyaku ya koma, ya dawo yana danne dariya. Alhaji ya ce yanzu zamanin dimokuraɗiyya ne, a tambayi jama'a. Aka ɗaga hannu. 'Yan gaba suka ce Abuja, 'yan baya suka ce Ikko, waɗanda ke gefen taga suka ɗaga sau biyu. Aka soke zaɓe, aka kafa kwamiti. Jirgi yana ta kewaya gari, Dala ta wuce ta hagu, ta sake wucewa ta hagu. Cikin duk abin da ke jirgin, kwamfutar ce kaɗai ta san inda za ta.

Da mai ya kai inda ba a wasa da shi, Ɗayyabu ya sauke su inda ya ɗauke su. Ya cire hular aiki ya ɗora a cinya, yana tunanin wace fuska zai shiga shago da ita.

'Yan rakiya ba su ma gama watsewa ba. Suka ce lallai Alhaji ya isa, har ya je ya dawo kafin la'asar. Shi kuwa ya ƙi faɗin inda ya je, wannan karon da hujja. Kafin mako ya zagayo, 'yan Abuja suka aiko da manzo don suna tsoron Ikko ya je, 'yan Ikko ma suka aiko da nasu. Zauren Yakasai ya kasa ɗaukar takalma.

Sai ga kira. Wannan karon har darduma aka shimfiɗa wa Ɗayyabu.

"Kyaftin, aiki naka ne. Ban taɓa ganin matuƙin da ya fahimci siyasa kamarka ba. Akwai wani taron ranar Asabar."

"Ina muka nufa, ranka ya daɗe?"

"Inda ka kai mu rannan," in ji Alhaji. "Kada ka taɓa wa kwamfutar nan komai."