Makafin da Suka Tuƙa Igiyar Rijiya

Shekarar da ta bi bayan babbar yunwa, mushen lakwal, wato malamin makaranta, ya zo daga garin Buza da rakoda, wai zai ɗauki tarihin ƙauyen don a koya wa yara. Yalwa makauniya ta ji, ta ɗauki sandarta. Ita kaɗai ta rage da ta san sunayen makafin da suka tuƙa igiyoyin kaba da aka zura mahaƙa da su, sa'ad da aka gina rijiyar garin. In ta mutu, sun tafi ke nan.

Ta iske dattawa a ƙofar maigari, kowa na ta wasa kakansa. Ta gyara murya ta fara jero sunayen da waƙa, yadda ubanta ya koya mata. Ko na uku ba ta kai ba, mushe ya kashe rakoda. Wani ya zuba mata gero a bakin zane.

"Allah shi ba da haƙuri, Inna. Aiki mukai."

Bara! Wai ita ce ta zo bara! Kai, wulakanci bai yi ba. Ranta ya ɓaci. Ta kakkaɓe geron a gabansu, ta ce, "Ku ba kaji."

Washegari da sassafe mata suka tarar da ita zaune daram bisa guga a bakin rijiya, ta naɗe igiyar gugan a ƙugu.

"Wadda ba ta hwaɗi sunan masu igiya ba, ba ta ɗibar ruwa. In kun iya, ku jefa ni ciki."

Aka yi tsaki, aka yi magiya, Yalwa ko gezau. Rana ta fara zafi, ga tuluna babu ko ɗigo. Dole suka bi bakinta: Inuwa, Takawa, Alƙasim, Lurwanu mai hannun hagu, Barmo.

Cima, matar maigari, mai taƙama da asali, ta zo ƙarshe. Ta faɗi sunayen sama-sama, da ta kai na Barmo sai ta haɗiye shi. A gidansu ba a ambaton sunan nan, wai kada a ce jininsu da makanta.

Yalwa ta laluba ta cafke wuyan hannunta.

"Ɗaga murya, ɗiyata. Kakanki na. Ruwanshi kika sha kika girma."