Ranar da Tela Ya Juya Sandar Mai Fatsa

An ɗauke wuta, keken ɗinki ya tsaya a tsakiyar wuyan riga, kuma Tela bai gama jan tsaki ba ya ji ana bubbuga bango. Ya san bugun maƙwabcinsa in aron zare yake so, sau biyu ne a hankali, sai shiru. Wannan kuwa ba ya tsayawa. Ya saki rigar, ya bar wayarsa a kan keke, ya fita ko takalmi bai sa ba.

Ɗakunansu a hawan sama suke, bango ɗaya ya raba su. Tsohon da ke ɗaya ɗakin kowa Mai Fatsa yake ce masa, don aikinsa ke nan tun Tela bai san ramin allura ba: haɗa sandar kamun kifi da hannu, kowane mutum da irin tasa. Tela ya tura ƙofa ya same shi a bakin tebur, gumi ya jiƙa masa wuya, yana murza wata doguwar sanda da ke kwance a kan 'yan katakai masu baki.

"Rufe ƙofa. Cire rigar nan."

"Baba, lafiya? Na zaci faɗuwa ka yi."

"Rigarka duk gashin yadi ce. In ɗaya ya sauka a gam ɗin nan, ni da kai sai a lahira. Cire ka zo ka karɓe ni, Allura, hannuna ya mutu."

Allura yake kiransa, wai don siranta da yawan suka. Tela ya tuɓe ya rage daga shi sai singileti, ya zauna a kujerar da tsohon ya tashi. Shi kuwa Mai Fatsa ya bi bango da dafe har bakin gado, ya zube yana haki.

Aikin ba wuya a ido. A jikin sandar an jera ƙananan zobba waɗanda igiya za ta bi ta ciki, kowanne an ɗaure ƙafarsa da zare, naɗi kusa da naɗi, ba wanda ya hau wani. A kan zaren ake shafa wani gam mai haske, mai kaurin zuma. Matsalar gam ɗin ita ce ba ya son zama wuri ɗaya. In sandar ta tsaya kafin ya kama jikinsa, sai ya gangaro ƙasa ya daskare a karkace, aikin makonni ya tashi a banza. Akwai ɗan injin da ke juya ta da zoben roba, to ga shi wuta ta yi halinta daidai lokacin da tsohon ya ajiye burushi. Ya zare robar ya koma yi da hannu.

"Har yaushe zan yi ta murzawa?"

"Ka ga murfin kwalbar can? Ragowar gam ɗin ne a ciki. In ka tsayar da tsinken nan ya tsaya da kansa, ka gama."

Tela ya tsayar da tsinken da hannun hagu. Ya kwanta luu, kamar mai jin barci.

"Baba, ina da ɗinkin mutane fa. Yau na ce su zo."

"Yau ɗin tela? Ai sun san jibi kake nufi. Juya a hankali, ba rijiya kake ja ba."

Taga a rufe, ƙofa a rufe, duk don kada wani abu ya shigo ya manne wa gam. Fanka ta mutu tare da wutar. Ɗakin ya cika da warin gam da na man zafi, ga sanduna tsaye a lungu, ga kwarkwaron zare kala-kala a kan ƙusoshi, rabinsu na Tela ne da aka ara ba a mayar ba. Inna, matar tsohon, ta tafi karɓo magani tun da safe, kuma layin wurin ba a gama shi kafin rana ta karkata. Sauran 'yan haya duk sun fita nema. Tela ya ga ya shiga, ba fita.

"Wane mai sa'a ne ya yi odar wannan?" ya tambaya, don dai ya kashe shirun.

"Tawa ce."

Hannun Tela ya kusa tsayawa. Ya sha ganin yadda Mai Fatsa ke karɓar aiki. Sai ya sa mutum ya buɗe tafin hannu, ya auna damtsensa, ya tambaye shi wace kafaɗa ke masa ciwo, a gaɓa yake tsayawa ko a kwalekwale, mai haƙuri ne ko mai fizga. Ya taɓa korar wani mai babbar mota don ya ce kowace iri ma a ba shi. Ashe wannan karon kansa ya auna, mutumin da rabonsa da sauka matakalar gidan tun kafin ƙafafunsa su kumbura, wanda asibiti suka sallamo suka ce zuciyar ta gaji, a je gida a yi ta lallaɓawa.

"Mijin 'yata ya ce zai goya ni ya sauko da ni, ya kai ni bakin ruwa a mota. Ka ga mariƙin? Na ƙara masa kauri, yatsuna ba sa rufuwa yanzu. Duk rayuwata ina yi wa mutane, ni kuwa da ragowar da aka ƙi nake zuwa kamun kifi."

"Allah ya kai mu, Baba."

"Haka kowa ke cewa, da irin muryar nan taka."

Tausayi ya kama Tela, irin wanda ba a nuna wa Mai Fatsa in ana son zaman lafiya. Da can ta tagar nan ana hango ruwa can nesa, siriri, in rana ta yi sanyi. Sai aka gina dogon bene a gaba, yanzu ba abin da ake gani sai bango da bututun ban ɗaki. Duk da haka tsohon bai juya da gadonsa ba, har yau tagar yake fuskanta.

Yatsun Tela suka fara zafi. Ya sauya hannu, ya sake sauyawa. Ta cikin bango ya ji wayarsa tana kuka, ta gaji ta yi shiru, ta sake. Ya gwada tsinken, ya kwanta. Zobban suna hawa suna sauka a gabansa, gam ɗin yana sheƙi sumul a kan shuɗin zare, kuma ko shi da ba sana'arsa ba ya san aikin ya yi kyau.

Numfashin da ke bayansa ne ya sauya. Da haki ne, yanzu ya koma wani abu mai ruwa-ruwa, yana ja yana tsayawa. Tela ya waiga. Tsohon ya zame daga matashi, leɓɓansa sun yi fari.

"Baba, bari in ɗauko waya. Yanzu zan dawo."

"Ka kira wa? Waɗanda suka sallamo ni?"

"Ko Inna."

"Ta bar layi ta rasa maganin, ta zo ta tsaya tana kallona. Zauna."

Tela ya ɗaga murya ya kira mai shagon ƙasa, ya sake kira. Ba wanda ya amsa sai injin wutar wani gida da ke ruri a titi.

"Kana tofa wa aikina yawu," in ji tsohon. Ya huta, sannan ya ce, "Allura, ban taɓa roƙonka komai ba."

"Ban da zare."

"Ban da zare. Ko me ka ji a bayanka, kada ka saki sandar nan. Ka yi mini alkawari. Ba na tela ba."

Hali zanen dutse. Tela ya ji haushi ya taso masa har wuya, haushin mutumin da ke mutuwa yana ba da oda, kuma a ƙarƙashin haushin akwai tsoro. Amma ya ce ya yi alkawari, don bai ga yadda za a ce wa mai irin wannan numfashi a'a ba.

Ya ci gaba da juyawa, bayansa ga gado. Gumi na shiga masa ido, ba damar sharewa sai da kafaɗa. Ya gwada tsinken. Wannan karon ya ɗan yi jinkiri kafin ya kwanta, amma ya kwanta. Ya roƙi Allah a kawo wuta, ya zagi masu wutar a zuci, ya koma roƙo. Tsakaninsa da gadon 'yan taku ne kawai, amma ko ya miƙe iya tsawonsa, hannu ɗaya a sanda, ɗayan ba ya kaiwa. Ya gwada, ya ga saura kaɗan ya ture katakan.

"Allura."

"Na'am, Baba."

"Kana nan?"

"Ina zan je? Ka ɗaure ni."

"Ɗakin ya yi duhu."

Rana tsaka ce, haske na shigowa ta gilashin taga har yana kashe ido. Tela ya waiga. Idanun tsohon a buɗe suke, ba sa kallon komai. Hannunsa ya sauko daga gefen gado, yana buɗewa yana rufewa a iska, yana lalube.

"Juya," in ji shi, da ƙyar. Can kuma, da wata ƙaramar murya da Tela bai taɓa ji a bakinsa ba, ya ce, "Tsoro nake ji."

Tela ya dubi sandar. Ya dubi tsinken da ke kwance a murfin kwalba. Ya ƙara mata juyi ɗaya, ya ƙara wani, sannan ya ɗauke yatsunsa. Sandar ta ɗan gangara da kanta, zobban suka rataya ƙasa, ta tsaya.

Ya durƙusa a bakin gado ya kama hannun. Sanyi ƙalau, ga kaushin zare a kan yatsu. Hannun ya damƙe nasa da ƙarfin da bai zata ba.

"Wa ke juyawa?"

"An kawo wuta, Baba. Na mayar da robar, inji ne ke yi."

Tsohon ya kasa kunne. Ɗakin tsit, fanka a tsaye. Gefen bakinsa ya ɗan motsa.

"Ƙaryar tela," ya ce. Amma bai saki hannun ba, ƙara riƙewa ma ya yi.

Tela ya tallafo kansa, ya matso da bakinsa kusa da kunnensa yana maimaita masa kalmar shahada. Leɓɓan suka bi shi, ba sauti. Numfashin ya yi ta nisa da juna, ya ja ɗaya mai tsawo, Tela ya jira na gaba bai zo ba. Ya daɗe a durƙushe kafin ya shafa masa ido ya rufe, ya gyara masa ƙafafu, ya ja mayafi. Sai da ya zare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, don riƙon bai saku ba.

Da ya koma bakin tebur, abin da aka ce zai faru ya faru. A ƙarƙashin kowane zobe gam ya taru ya yi ɗigo, saman zaren kuwa ya rage fayau. Ya juya sandar da sauri ko zai koma, ɗigon ya bi ta ya hau sama, bai motsa ba. Ya tsayar da tsinken a murfi. Ya tsaya cak. Nan ne kuka ya zo masa, ya zauna a kujerar ya rufe fuska da singiletinsa.

A haka Inna ta same shi, da ledar magani a hannu. Ta dubi gadon, ta dubi Tela, ta yi salati a hankali. Ta ajiye ledar a bakin ƙofa, ta je ta yaye mayafin ta daɗe tana kallon fuskar, ta gyara masa wuyan riga.

"Shi kaɗai ne?" ta tambaya, ba ta juyo ba.

"Ina riƙe da hannunsa, Inna."

Sai a lokacin ta juyo. Idonta ya wuce shi ya sauka a kan tebur. Ta zo ta sunkuya, ta bi sandar da kallo tun daga mariƙi har tsini, ta ga abin da ke ƙarƙashin zobban.

"Ya sa na yi masa alkawari," in ji Tela. "Na saki. Ki yafe mini, na ɓata masa ita. In an natsu zan nemo wanda zai kankare a sake."

Inna ta sa babban yatsa ta shafa ɗigo ɗaya. Ya bushe, santsi.

"Ranar da naƙudar 'yarmu ta kama ni, a kujerar nan yake," ta ce. "Ya ce in ɗan daure, gam bai kama ba. Maƙwabciya ce ta kai ni. Na yi shekaru ban yafe masa ba, daga baya na gaji." Ta share ido da gefen mayafinta. "Ba wanda zai kankare komai. Je ka sa rigarka, ɗana, ka kira mini mutane."

Yana sa hannu a ƙofa aka kawo wuta. Fanka ta motsa, ɗan injin ya kama juyi shi kaɗai, ba roba, ba abin da yake ja. Inna ta miƙa hannu ta kashe shi. Ta je taga, ta yi fama da sakatar da ta daɗe ba a taɓa ba, har ta buɗe. Hayaniyar titi ta shigo, da 'yar iska, ta kaɗa bakin zaren da ke rataye a ƙusoshi. Sandar tana kwance a kan katakanta, ɗigon gam a jere a jikinta daga mariƙi zuwa tsini, kowanne da ɗan hasken taga a cikinsa.