Tsaraba Shida a Cikin Ƙwarya

Mijina Umara, yau dai zan kama sunansa, ya bar gida da kaka, bayan an gama ɗaure dawa, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi. Jakuna huɗu ya kora, ɗauke da turkudi, baƙin zanen rini, da jan fata, zai sayar a Barno ya yi guzuri ya wuce gabas. Ina da ciki wata biyar. Na yi masa dakkere da ƙuli-ƙuli, na raka shi har bakin zaure, ban yi kuka ba don kada surukata ta ce na yi masa mugun baki.

Mutanen gidansu Barebari ne, kakansu ya zo da kanwa ya ga ƙasar Kunci ta yi masa, ya zauna. Ni kuwa Barira 'yar Sama'ilu ce, daga wani ƙauye a gefen Tsanyawa, manoma gaba da baya, waɗanda in sun je Dawanau sai su yi wata guda suna ba da labari. Umara ba haka yake ba, ƙafarsa ƙaiƙayi take yi. Kuma ƙanensa Malam Jaji ne ya ƙara masa, don duk azumi shi ke karanta wa unguwa ƙissoshin Annabawa da hantsi a gindin tsamiya. Jaji ya iya baki. In ya kai inda 'yan'uwan Annabi Yusufu suka sayar da shi ga ayari, har maza sai sun share hawaye. Umara ya ce shi jin kunne bai ishe shi ba, sai ya je ya taka inda bayin Allah nan suka taka, sannan ya sauke farali ya dawo.

Na haifi Huseina da bazara, abokin tagwaicinta bai zo da rai ba. Da kaka ta zagayo sai Jaji ya shigo tsakar gida da takarda a hannu yana murmushi.

"Albishirinku. Yaya ya aiko ta hannun fatake. Yana lafiya, ya isa Dutsen Judi, inda jirgin Annabi Nuhu ya tsaya. Ga ma tsaraba."

Wani ɗan ɓallin itace ne, baƙi, bai kai yatsa ba. Na karɓa da hannu biyu. Surukata, Inna Falta, ta rufe fuska da mayafi ta yi ta kuka, ni kuma na rungume ta ina cewa ai abin farin ciki ne.

Haka aka yi ta yi, duk kaka takarda ɗaya da tsaraba ɗaya. Shekara ta biyu ƙullin ƙasa daga garin Halilu, wajen kabarin Annabi Ibrahim. Ta uku guntun igiyar guga daga rijiyar Annabi Yusufu. Ta huɗu tsakuwa daga Dutsen Ɗuri Sina, inda Annabi Musa ya yi ganawa. Ta biyar ɗan turare daga Baitul Muƙaddas, masallacin Annabi Sulaimanu. Ta shida ƙwallon dabino daga Baitalahami, inda Nana Maryamu ta haifi Annabi Isa. Ni ban iya karatu ba, abin da Jaji ya karanta shi ne na ji. Na samo ƙwarya sabuwa na jera su bi da bi, na rufe da faifai na rataye a kan gadona. Huseina ta mai da sunayen waƙa, tana tsalle a tsakar gida tana rerawa, daga Judi sai Halilu, daga Halilu sai rijiya.

Ban zauna ina jira hannu sake ba. Inna Falta ta samu ciwon ƙafa, ni ke ɗaga ta, ni ke mata wanka, ni ke dama mata kunu. Na yi kaɗi har yatsuna suka yi kanta. Daka da surfe da kai abinci gona, duk a wuyana. Ban yi ƙorafi ba, ina son tsohuwar nan kamar ita ta haife ni.

A shekara ta biyar Babana ya zo a kan jakinsa. Ya ce, "Barira, tattara ki zo mu je gaban alƙali. Shekarun da shari'a ta ɗibar wa matar matafiyi sun cika. Mutum ba ya auren takarda."

Na sauke ƙwaryata na nuna masa, na ce mijina yana raye, saura masa zango biyu ya juyo. Ya dubi kayan ya ce shi dai tsakuwa ya gani. Raina ya ɓaci, na faɗa masa maganar da 'ya ba ta faɗa wa uba, na ce wanda bai taɓa wuce Dawanau ba ina zai san darajar ƙasar Annabawa. Ya hau jakinsa ya tafi. Damina ba ta kai ƙarshe ba ya rasu, ban kuwa samu na nemi gafararsa ba.

Bayan tsaraba ta shida da kamar wata biyu, wata tsohuwa ta sauka a unguwarmu tare da ayarin da zai wuce Barno. Sunanta Hajiya Amsa, siririya, haƙori biyu a baki, tana shiga gidaje da tallan kwalli da tsakiya ta adon wuya. An kama ta tana yarinya an sayar, ta yi shekara talatin tana girki a gidan wani attajirin Misra mai fataucin sabulu zuwa ƙasar Sham, sannan ya 'yanta ta. Yanzu gida take nema ta je ta mutu. Da na ji haka sai na ja ta ɗakina da la'asar, na kawo mata fura, na sauke ƙwarya ina ta ɗoki.

Na soma lissafa mata. Tana sha tana kaɗa kai har na kai ta shida, sai ta ajiye ludayi.

"Tsaya, 'yar nan. Da wanne kika ce ya fara?"

"Da Dutsen Judi, Hajiya."

"Daga nan ƙasar ya tashi? Da ƙafa, ko tsuntsu ne?"

Na ce da jakuna. Ta yi dariya har da tari. Ta jawo tsinken tsintsiya ta share daɓe ta fara zane.

"Ga Kano. Ga Kukawa. Ka ratsa Wadai, ka ratsa Darfur, ka yi kwana arba'in cikin rairayi, rijiya ba ta fi ka ƙirga da yatsun hannu ba. Sai kogin Nilu, sai Misra. Daga Misra in ka nufi Sham, Ɗuri Sina ne farko, yana hannunka na dama. Sai ka bi bakin teku zuwa Gaza, ka hau tudu, ga Halilu. Daga Halilu zuwa Baitalahami yini guda ne, daga can zuwa Baitul Muƙaddas kuwa ko furarki ba za ta yi tsami ba. Yaya za a yi mutum ya ci shekara a tsakaninsu? Rijiyar Annabi Yusufu tana can gaba, a kan hanyar Sham, na sha ruwanta sau uku. Ai shi ya sa ayari ya tsince shi, don bakin hanyar fatake take. Judi kuwa ni ma ban gan shi ba, an ce sai ka wuce Sham da tafiyar wata guda."

Na ce wataƙila wata hanyar ya bi.

"Wace hanya? Ayari ruwa yake bi, 'yar nan, tun zamanin Annabawa har yau. Su ma inda ruwa yake nan suka bi, ba su tashi sama ba. Mijinki in haka ya yi, ya je ƙarshen duniya ya dawo tsakiya, ya koma gaba, ya dawo baya har ƙofar Misra, ya sake komawa. Kuma duk takardun nan shida babu wadda ta ambaci Misra?"

Babu. Ta dubi ƙwaryar ta sake dubawa, ta taɓa su ɗaya bayan ɗaya da tsinken.

"Nuhu, Ibrahim, Yusufu, Musa, Sulaimanu, Isa. Wannan ba jerin hanya ba ne, jerin karatu ne. Haka malamai ke kawo su a ƙissa. Wanda ya tsara wannan tafiya ya san littafi, amma ƙafarsa ba ta taɓa ƙura ba." Ta ɗauki guntun igiyar ta murza, ta sansana. "Wannan kuwa ramar ƙasarku ce."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Inna Falta tana zaune a inuwar rumbu tana ɓare gyaɗa, Jaji ya shigo ke nan zai yi alwala. Na dire ƙwaryar a gabansa.

"Malam, ta ina ake zuwa Judi ba a bi ta Misra ba?"

Ya ce wace irin tambaya ce wannan. Hajiya Amsa ta fito ta tsaya a bayana, tsinkenta a hannu. Ya dube ta, ya dubi buta, ya ce ai hanyoyin Allah da yawa suke. Na ce to ya ɗauko takardun a kai wa limamin Kunci ya karanta a gaban jama'a. Sai ya tsuguna, ya ajiye butar a hankali. Sannan ya ce:

"Ya rasu, Barira. Zazzaɓi ne ya kama shi a wani zango gaba da Gumel. Madugun ayarinsu ya aiko da jakunan da rigarsa, na tare su a hanya."

"Yaushe?"

"Kwana bakwai da fitarsa."

Kwana bakwai. Dakkeren da na yi masa ma bai ƙare ba. Na juya da sauri wajen Inna Falta, don duk tsorona kada tsohuwa ta ji ta faɗi. Na durƙusa na kama hannunta ina cewa Inna ki yi haƙuri, Inna ki yi salati. Ba ta yi salati ba. Ba ta ko firgita ba, gyaɗa ta ci gaba da ɓarewa, idonta a ƙasa.

"Inna, kin sani?"

"Ni na sa shi," in ji ta. "Na rasa ɗa, ga jikata a cikinki. Da an faɗa miki, kina haihuwa ubanki zai kwashe ku, ki yi wani auren, ni in zauna da wa? Na ce a bari ki yaye tukuna. Da kika yaye kuma ga ƙafata. Ke ma ai kin ga ba ki wulaƙanta a gidan nan ba."

Na tuna kukan da take yi duk kaka in an kawo takarda, ni kuma ina lallashinta ina mata dariya. Ashe ita makokin ɗanta take yi a gabana, shekara shida, ta hana ni nawa. Na ji zafin Jaji, amma nata ya fi, don hannun nan da na riƙe shi na sha wankewa.

Na tambayi Jaji, "To da Annabawa sun ƙare fa? Saura Madina kaɗai."

"Da baɗi sai in ce ya cika a Madina, an binne shi kusa da Manzon Allah. Da kin yi murna."

Gaskiya ya faɗa, da na yi murna, har tuwo zan raba. Wannan ne ya fi ƙona mini rai. Shekara shida ina roƙa wa mutum sauka lafiya, ban taɓa roƙa masa sauƙin kabari ba. Ba sadakar uku, ba ta bakwai, ba ta arba'in. Na ce to yau zan kwance kitso in shiga takaba.

Jaji ya sunkuyar da kai. Ko a nan malantarsa ba ta bar shi ba. Ya ce, "Babu takaba a kanki. Daga ranar mutuwa take farawa, ba daga ranar jin labari ba. Taki ta fita tun kina jego."

Har wannan ma sun cinye. Ban zagi kowa ba, abin ya wuce zagi. Na jiƙa gero, washegari na daka gumba na raba gida-gida, duk wanda ya tambaya na ce ta Umara ce da ta Sama'ilu. Kafin azahar unguwa ta gama ji, ban kuwa ƙara kalma ɗaya a kan abin da ya faru ba.

Ayarin su Hajiya Amsa zai tashi ranar Laraba, kuma ta Gumel zai bi. Na roƙi madugunsu ya tafi da mu, ya ce ya san zangon, akwai 'yan kaburbura a bayan rijiya. Na ɗaure tufafina da na Huseina. Ƙwaryar na bar ta a inuwar rumbu kusa da tabarmar Inna Falta. Ta kira sunana sau biyu muna fita, ban waiwaya ba, Allah ya yafe mini in laifi ne.

Muna ratsa gonaki, karan dawa a tsaye hagu da dama, Huseina tana gaba tana tsalle tana rera waƙarta, daga Judi sai Halilu. Na ce ta bari. Ta dawo ta kama zanena.

"Inna, ina za mu?"

"Gaba da Gumel, tafiyar kwana bakwai."

"Wane Annabi ne a can?"

"Babu Annabi a can," na ce. "Ubanki ne."