Eriya Ɗaya, Ɗaki Biyu

Tun da aka dawo da Baba daga asibiti ya juya wa duniya baya ya fuskanci bango, bangon ma ba wani abin kallo gare shi ba in ban da tabon yoyo kusa da silin. Shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa hannun dama da ƙafar dama, ta nauyaya masa harshe har magana ta gagara. Likita ya ce kansa lafiya lau, maganar ma tana iya dawowa in ya yi ƙoƙari. To, ƙoƙarin ne Baba ya ƙi yi. An kawo masa allon rubutu, ya ture da hannun hagu. Matar da ke koyar da motsa baki ta zo ta yi ta buɗe nata bakin a gabansa, ya kalle ta kamar ita ce mara lafiyar.

'Yarsa ce ta ɗauko shi ta kawo gidanta, can saman wani dogon gidan haya. Ɗigo yake kiranta tun tana jaririya saboda ƙanƙantarta, sunan kuma ya bi ta har ta girma ta zama mai ba da magani a asibitin unguwa. Wanka da juya shi da ba shi abinci duk ba su dame ta ba. Abu ɗaya ke hana ta sakat, tsoron kada Baba ya tafi bai ƙara ce mata komai ba.

Kuma mutumin da a da ba a iya tare masa baki. Baba ɗan rediyon sha'awa ne, irin mutanen nan da ke kafa eriya a kan rufi, su karɓi lasisi da lambar kira, su yi ta hira da waɗanda ba su taɓa gani ba a ƙasashen da ba za su taɓa zuwa ba. A cikin shuu ɗin rediyonsa Ɗigo ta tashi. Tana yarinya takan kwanta a ƙarƙashin teburinsa, ta ga kamar muryoyin nan a kan ruwa suke tahowa, wata ta matso har a ji numfashin mai ita, sai igiyar ruwa ta sake janye ta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ita ma ta karɓi lasisinta, ta haɗa nata rediyon da hannunta, ƙarfe bayan ƙarfe, a teburin cin abinci. Maigidanta, malamin makaranta ne mai barkwanci, yana kiran rediyon tukunyar da ba ta dahuwa, kullum tana tafasa ba a taɓa sauke ta ba.

Baba yana da majalisa a iska. Tsofaffi ne warwatse a garuruwa masu nisa, kowace safiya su haɗu a tasha guda, shugabansu ya kira lambar kowa, mai lamba ya amsa, a taɓa zancen ciwon gwiwa da ruwan sama, a watse. Ɗigo ta yi tunanin in akwai abin da zai juyo da fuskar Baba daga bango, to wannan ne. Matsalar ita ce eriya ɗaya ce a kan rufi, mai gidan haya kuma ya rantse ba za a ƙara masa ko tsinke ba, wai gidansa ya fara kama da bushiya. Tana iya miƙa wa Baba wayar eriyar gaba ɗaya, amma ta san halin kayanta. In ya gane an bar masa ne don tausayi, ko kallon rediyon ba zai yi ba. Ban da haka, ita ma tana so ta riƙa jin abin da yake ji, ko ta ji kamar suna ɗaki ɗaya.

Ranar hutunta ta nufi layin masu gyaran talabijin, ta shiga wani shago siriri, wayoyi na lilo daga rufi, ƙanshin dalma ya cika ko'ina. Ta ce abin raba sigina take nema. Mai shagon ya ɗauko mata wani ɗan ƙarfe mai baki uku, ta girgiza kai, ta ce wannan ai haɗa waya ne kawai, rediyon biyu za su yi ta zuba wa juna hayaniya. Ya kawo na talabijin mai ƙyalli, ya ce araha gare shi. Ta ce araha ba ta ado, an yi shi ne don wata irin waya da wani irin zango, muryar tsofaffinta ba za ta ratsa shi da rai ba. Ya kawo wanda ake sa wa wuta, mai ƙara ƙarfi. Wannan kam ta juya shi a hannu ta daɗe, sannan ta tuna cajojin maƙwabta da fitilunsu da injin ɗinkin da ke hawan ƙasa, duk ƙarar da suke watsawa shi ma zai kumbura ta. Ta ajiye.

Sai mutumin ya kalle ta da kyau, ya shige ciki, ya fito da wani ɗan akwatin ƙarfe mara kwalliya wanda bai wuce kwalin ashana ba. Baki ɗaya na shiga, biyu na fita, a ciki kuma an raba tsakani yadda rediyo ɗaya ba zai dami ɗan'uwansa ba.

"Hajiya, kin dai sani ko?" in ji shi. "Wannan rabawa yake yi, ba ya ƙarawa. Kowa rabi zai samu. Kuma na kunne ne, ba na baki ba. Duk wanda ya aika magana ta cikinsa, zai ƙone, ya ƙone na ɗayan ɗakin."

Ta yi murmushi ta ce ta sani, wanda ya koya mata ya sha faɗa har ta haddace.

Da yamma ta ɗaure akwatin a bangon baranda, ta ja waya ɗaya ɗakinta, ɗaya ta bi ƙarƙashin ƙofa ta shiga ɗakin Baba. Maigidan ya ɗauko tsohon rediyon Baba yana nishi, yana cewa, "Baba, wannan ai sai dai a ce firij, ba rediyo ba." Baba bai yi dariya ba. Ɗigo ta dasa rediyon a ɗan tebur ta hannun hagunsa, ta ce masa gwaji take yi, tana son kwatanta nasa da nata, ya yi haƙuri da ƙarar. Kafin ta haɗa akwatin ta yi magana ta ƙarshe da majalisa, ta gaya musu Baba zai riƙa saurare amma ba za a ji amsa daga gidan nan ba. Sannan ta cire abin magana daga rediyonta da nasa, ta jefa a cikin durowa. A gefen rediyon Baba akwai maɓallin ƙwanƙwasa, irin na aika saƙo da gajeren sauti da dogo, an ɗaure shi da kusa a jikin katako tun kafin a haife ta. Ta dube shi, ta dubi hannun daman Baba kwance a kan bargo ba motsi, ta bar shi inda yake.

Haka safiyoyi suka yi ta wucewa. Takan kunna nasa, ta ɗaga labule, ta koma ɗakinta ta kunna nata, ta zauna da kofin shayi kafin lokacin aiki. Gaskiyar mai shago, rabi rabi ne. Muryoyin nesa da takan kama a da sun ƙara nisa, wasu ma sun nutse sam, ta ji kewarsu kamar maƙwabtan da suka tashi ba sallama. Amma tsofaffin majalisa suna isowa, a hankali, suna tashi suna sauka. Takan rufe ido ta ga muryar ta sauka a kan rufi, ta gangaro ta cikin waya, ta iso baranda, ta tsaya a bakin ɗan akwatin nan ta rabe biyu, rabi ya shiga wurin Baba rabi ya zo wurinta. Wani lokaci takan ji kamar gidan duka ya saki ƙasa yana tafiya a kan ruwa, ita a wannan gefe, Baba a wancan, shayinta na hucewa ba ta sani ba.

Shugaban majalisa tsoho ne mai murya a dishe, kuma mutumin kirki. Kullum in ya zo kan lambar Baba sai ya kira ta sau biyu, ya yi shiru, ya bar fili kamar ana jiran mutum ya gama ɗaura takalmi. Ba wanda ke tari a cikin shirun nan. Daga nan ya ce, "Muna gaishe ka," ya wuce gaba. A cikin wannan shiru Ɗigo ke kasa kunne ta bango, ko za ta ji wani abu daga ɗakin Baba. Ba ta taɓa ji ba. Abin da dai ta lura shi ne, in ta shiga kashe rediyon takan tarar ya juyo daga bango, yatsun hagunsa na ɗan motsi a kan bargo. Ta gaya wa likita, ya ce rawar jiki ce, ana samun haka.

Ran nan aka tashi da yayyafi, gari ya yi luf, iska kuma ta yi kyau har ana jin kowa tas. Sai dai muryar da ta buɗe majalisa ba ta tsohon ba ce. Wani ne mai sauran ƙuruciya a murya, ya ce shugaba ba ya jin daɗi, shi zai riƙe. Ya kama kiran lambobi da sauri kamar mai tsoron a bar shi a tasha. Ya kira wanda ke gaban Baba, aka amsa. Ya kira wanda ke bayan Baba, aka amsa. Ba mugunta ya yi ba, bai dai saba jin amsa daga wannan lamba ba, bakinsa ya tsallake ta.

Ɗigo ta ajiye kofi za ta tashi, sai rediyonta ya yi wata irin ƙara da ta cika ɗakin, dogo, gajere, dogo, da ƙarfin da bai taɓa yi ba, allurar gabansa ta buga ƙarshe. Ta gane farkon lambar Baba ce. Ƙarar ta sake zuwa, a karkace, tana ɗingishi, amma ita ce. Sai wani ɗan tas, rediyon ya mutu, siririn hayaƙi ya fito ta ramukan bayansa. Rediyon da ta haɗa da hannunta ke nan, ta tsaya tana kallonsa, ta rasa ma ta ji haushi ko me.

A baranda warin ƙuna ya tare ta, ɗan akwatin ya yi zafi ba ya taɓuwa. Maigidan ya leƙo daga banɗaki da kumfa a gemu yana tambaya ko tukunyar ce ta ƙone a ƙarshe, da ya ga fuskarta ya ja bakinsa ya koma.

Ta tura ƙofar Baba. Ya jawo jikinsa har bakin gado, yadda ya yi haka shi kaɗai Allah ne masani, gumi ya jiƙa masa riga, hannun hagunsa na kan maɓallin. Rediyonsa na kunne amma ba komai a ciki sai shuu, tunda hanyar eriya ta yanke. Mutumin da ya koya wa rabin majalisar nan kada a aika ta abin rabawa, shi ne yau ya aika, kuma da saninsa. Ya ɗago ya dube ta, ido cikin ido, abin da bai yi ba tun asibiti. Akwai kunya a idon, akwai kuma taurin kan da ta sani tun tana yarinya.

Ta gyara masa zama, ta sa masa matashi a baya, ta zauna a gefen gado. Sai ya saki maɓallin ya lalubo hannunta, ya kifa shi a kan bargo, ya fara ƙwanƙwasa mata bayan hannu da yatsa ɗaya. Da farko ta ɗauka lallashi ne. Can ta ji akwai gajere akwai dogo, ta riƙe numfashi ta fara haɗa baƙaƙen, a hankali, don ta daɗe ba ta karanta ba, shi ma hannun bai gama koyo ba. Ya yi kuskure ya goge da tafin hannu ya sake.

An ji ni?

Abin da ya ce ke nan. Ɗigo ta dubi rediyon da ke ta shuu. Ba ta sani ba. Wataƙila ƙwanƙwasar ta hau rufi ta isa garuruwan nan kafin akwatin ya ƙone, wataƙila a baranda ta mutu, yanzu haka ana can ana zancen ciwon gwiwa. Tana iya yi masa ƙarya, amma Baba ba ya cikin waɗanda ake yi wa. Ta san in ta buɗe baki kuka ne zai fito.

Ta juya hannunsa ta kifa a kan gwiwarta, ta sa yatsa ta ƙwanƙwasa masa, baƙi bayan baƙi, ba gaggawa.

Ni na ji, Baba.

Ya rufe ido ya daɗe. Yayyafi na ta sauka a kan taga, lokacin aikinta ya yi har ya wuce, ba ta motsa ba. Sannan yatsan nasa ya sake ɗagawa ya sauka a bayan hannunta, ya ci gaba, don ashe maganar da ya tara tana da yawa.