Daji Ba Ya Son Ƙarfe

Malam Sulle ya baje takardar asibiti a kan tabarmar zauren surukinsa a Gwangwan, ya nuna ƙasanta da yatsa. Tun da hantsi ya baro Kafin Dafga, ko ruwan da aka ajiye masa bai taɓa ba.

"Nan kawai za ka sa hannu, Ashiru. Ranar Laraba za su yi mata aikin."

Ashiru, mijin 'yarsa Jamilatu, ya sunkuyar da kai yana jan zaren tabarma. Daga bayan asabari sai ga muryar mahaifiyarsa, Iya Maijidda.

"Malam, sannu da hanya. To amma ba ciwon daji suka ce ba? Yaushe aka taɓa sa wa daji ƙarfe? Ko allura ba ya so, balle wuƙa. A wuya kuma! Tunkiyar layya ce?"

* * *

Shekara uku Jamilatu tana fama. Ta ji sanyi a tsakiyar bazara, gashinta na bin mataji, barci ya sace ta riƙe da taɓarya. A gidan miji aka ce ragwanci ne. Da wuyan ya kumbura aka ce maƙoƙo, wanzami ya yi mata tsaga ya shafa baƙin magani. Sai da ta zo ganin gida, Malam Sulle ya ji muryarta ta dishe, ya sa ta a mota zuwa Kano.

Bayan gwaji da dawowa sau huɗu, likitar ta zaunar da shi.

"Baba, abu biyu ne. Jikinta ne ya daɗe yana yaƙar wannan ƙullin na wuya har ya gaji, shi ne kasalar. A cikinsa kuma ga ɗan ƙari. Daji ne, amma mai tafiyar hawainiya. In aka cire yanzu, ta riƙa shan ƙwaya ɗaya kullum, da yardar Allah har jikokinta za ta goya."

Jamilatu ta yarda. Ta ce dai sai da sa hannun mijinta.

* * *

Duk wannan Malam Sulle ya maimaita musu a zauren, sau biyu, a hankali.

"Haka suka gaya wa matar Audu," in ji Iya. "Aka yanke mata nono, ko wata uku ba ta yi ba. Akwai mai magani a bayan Rogo, shi maganin shafawa yake bayarwa. Laraba yake zama."

"Ashiru, kai fa?"

"Baba, ni ba na jayayya da Iya."

Maganganu suka cika wa Malam Sulle baki. Amma da bakin nan nasa ya ba da auren Jamilatu a gaban shaidu, kuma uba ba ya ɗaga murya a zauren suruki. Ya naɗe takardar ya sa a aljihu.

"To, Allah ya sa haka ya fi alheri," ya ce.

* * *

Ranar Laraba Malam Sulle ya sake zuwa Gwangwan, ko zuciya ta sauya. Ya tarar da babur a ƙofar gida, Ashiru a kai, Iya na miƙa masa baƙar kaza ɗaure da ƙafa. Jamilatu ta durƙusa ta gaishe shi, muryar ba ta fito ba. Ta ɗaga ƙafa za ta hau, ta kasa.

Shi uban ne ya riƙe mata babur ɗin har ta zauna.

"Ka bi a hankali," ya ce wa Ashiru. "Hanyar akwai ramuka."