Feda Mai Haƙora

A shekarar da man fetur ya ɓace daga Khartoum, har jakunan Omdurman suka yi daraja, Malam Abdulrauf ya koma hawan keke da furfurarsa. Gidansa na Omdurman, yaran da yake biya wa karatun Alƙur'ani suna Sahafa, can kudancin Khartoum, tsakani kuwa ga kogi, ga gada, ga sojoji a bakinta suna hararar mutane kamar talakawa ne suka shanye man. Sai mutum ya wuni a tasha bai ga motar da za ta ɗauke shi ba, rediyon gwamnati kuma na ta rantsuwa wai mai ya wadata. Malam ya gaji da jin wannan rantsuwar.

Keken na Badaru ne, wani ɗalibi ɗan Maraɗi da ya gama jami'a ya bar masa shi. Irin mai kaurin taya ne da giyoyi, wanda aka ƙera don hawan duwatsu, ga shi ya ƙare a jigilar dattijo da jallabiya. Da fedar dama ta karye, Malam ya ci gaba da taka sandar ƙarfen tsirara, har ta huda masa markub, takalmin fatar da malami ba ya fita sai da shi. Ya cusa kwali a ramin ya yi shiru da bakinsa.

Da wani ne, wannan ba abin magana ba ne. Amma Malam yana da ciwon suga. Bara aka yanke masa ɗan yatsa a ƙafar hagu, likita ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa in wani rauni ya sake shiga, ƙafar za a cire. Tafin ƙafafunsa kuwa ya daina jin komai, ko garwashi ya taka sai dai hanci ya ba shi labari. Shi ya sa kullum in ya dawo matarsa Hansatu take zaunar da shi a bakin gado ta bi tafin da yatsunta, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ita ta gano kwalin.

"Malam, gobe ka bi ta kasuwar Suk al-Arabi," ta ce. "Ka sayo feda mai faɗi, ta roba, mai santsi. Ban ce mai kyau ba, na ce mai santsi."

Washegari bayan la'asar, a hanyarsa ta dawowa, ya tura keken cikin kasuwar. Zafi ya dafa shi, maƙogwaronsa ya bushe da karatu, ba abin da yake so a duniya irin ya kwanta. Ya tsaya a rumfar Tariq, wani matashi jikan Hausawan da suka zo hajji suka zauna, mai Hausa rabi Larabci rabi.

"Baddal kake so, ya Shehu? Feda? Akwai, akwai."

Ya zube masa iri uku. Ta farko ta alminiyam ce, faffaɗa, mai sheƙi. Malam ya ji kuɗinta ya mayar da ita a hankali, kada ma ta ƙwarzane a ce ya biya. Ta biyu ita ce ta robar da Hansatu ta ce.

"Wallahi wannan ba ta kai ka azumi," in ji Tariq. "Rana tana cinye ta. Kuma da markub santsi za ta yi ta ja maka a kan gada. Za ka dawo ka zage ni."

Ta uku tsohuwa ce da aka ciro daga wani keke, ƙarfe zalla, gefenta da haƙora kamar zarto. Ta fi ta robar araha, kuma da gani za ta binne mai ita. Malam ya tuna yadda farashin burodi ke tashi kowace safiya, ya tuna sake shigowa wannan kasuwar cikin wannan ranar, sai ya ji ransa ya kwanta da ita. Haƙoran ne kawai suka tsaya masa.

"Ba za ta ji wa mutum ciwo ba?"

"Abadan! Taka ka ji da kanka, ya Shehu."

Tariq ya ajiye ta a ƙasa. Malam ya ɗora ƙafar dama ya danna da dukkan nauyinsa, ya murza, ya sake dannawa. Bai ji komai ba. Gajiya ce ta rufe masa tunani, ko kuwa son a gama ne, oho, amma mutumin da ya fi kowa sanin halin ƙafarsa ya gyaɗa kai ya ce, "Lafiya lau take. Ɗaura."

Gaskiya tafiyar ta yi daɗi. Ƙafa ta kama feda kam, ba zamewa. A hawan gada har miƙewa ya yi tsaye yana takawa, jallabiya na kaɗawa, ya wuce layin motocin da ke jiran mai yana jin tausayinsu.

Ya iso gida ana shirin kiran magariba. Hansatu ta fito tsakar gida, ba ta dube shi ba, keken ta duba. Ta durƙusa ta ɗora tafin hannunta a kan sabuwar fedar, ta danna kaɗan, ta ɗago ta nuna masa. Haƙoran sun jera mata ramuka a fata.

"Ai na gwada ta," in ji Malam. "Ban ji komai ba."

"Da me ka gwada?"

Kunya da tsoro suka taso masa a tare. Ya zauna a bakin gado ba tare da an ce masa ba, ya miƙa mata ƙafar dama, mai lafiyar, wadda ta rage masa da yatsu cikakku. Ta ja markub ɗin, ya ƙi fitowa da sauƙi. Da ya fito, kwalin ya biyo tafin, a jiƙe da jini, ya yi baƙi-baƙi.

Shi ba ya iya hangen wurin, sai fuskarta yake kallo.

"Hansatu, da zurfi?"

Ta ɗauko buta da gishiri.

"Ka aika wa mutanen Sahafa," ta ce, "su nemi wani malamin."