Littafin Awon Saliha

Mu teloli mun san abin da ko miji bai sani ba. Mun san wadda ta rame, mun san wadda ta samu ciki tun kafin ta buɗe baki. Shekarata goma sha huɗu ina ɗinki a unguwar Mayo Gwoi, kuma abin da nake taƙama da shi ke nan: ba a taɓa jin sirrin jikin wata daga bakin Saliha ba. Daga bakina, na ce. Ku riƙe wannan.

Madam Beatrice ma'aikaciya ce a sakatariya, ta fi shekara goma tana kawo mini ɗinki. Mijinta ya rasu bayan doguwar jinya, ya bar ta da 'ya ɗaya, Cynthia. Bara, lokacin da yarinyar take bautar ƙasa a kudu, Madam ta ɓace wata uku, aka ce ta tafi kwas. Ranar da ta dawo ta shigo shagona, ta ce in rufe ƙofa, ta cire riga. Ciwon daji ne, an cire mata nonon hagu.

"Ki yi mini dabara," ta ce. "Cynthia ya ga yadda babansa ya ƙare. Ba zan sa shi ya sake ganin wannan ba."

Haka Hausarta take, mace da namiji duk ɗaya ne, amma na gane sarai. Na ƙirƙiro mata aljihu ta cikin riga, ana cusa soso a ciki, ko ni da na ɗinka sai na lura da kyau nake ganewa. Da yake Cynthia kan zo karɓar kaya idan tana gari, sai na rubuta a littafin awo, ƙarƙashin sunan Madam: An cire na hagu. Aljihu da soso. Kada a ba Cynthia saƙon kaya, ba ta sani ba.

To, ga wata al'ada tawa. Tun shekarar da ruwa ya shiga shago ya jiƙa mini littafi, duk shafin da na cika sai na ɗauki hotonsa a waya. Ina tara su wuri ɗaya da hotunan rigunan da na gama, a foldar da na sa wa suna Ɗinki.

Da Cynthia ta dawo gida sai ta kama sana'ar haɗa wa 'yan kasuwa shafin intanet. Uwar ce da kanta ta kawo ta wurina, tana ta murna, wai a fara da ni. Yarinyar ta zauna ta buɗe kwamfuta, ta fara yi mini tambayoyi kamar 'yar sanda. Wane hoto za a sa? Masu rigunan sun yarda? Wa zai riƙa duba shafin? Da ta faɗi kuɗin aikinta kuwa sai na yi dariya har da tafa hannu.

"Ke Cynthia, ni fa na ɗinka miki rigar firamare. Hotuna ne kawai za a jera, shi ne har da wannan dogon Turanci?"

"Anti, jerawar ba ita ce aikin ba," ta ce a hankali. "Sanin abin da ba za a sa ba shi ne aikin."

Na ce a raina, 'yan boko da iyayi. Ni da nake yanka leshi mai tsada ba tare da hannuna ya yi rawa ba, waya ce za ta gagare ni?

Ranar wata Laraba da aka ɗauke wuta, babu aikin keke, na zauna na sauko da manhajar da ake haɗa shafi kyauta. Wallahi ba wuya. Na rubuta sunan shago, na zaɓi launin ruwan hoda, na sa lambata. Ta tambaye ni inda hotuna suke, na nuna mata foldar Ɗinki, ta kwashe. Na ga riguna goma sha biyu na farko sun fito reras, sai daɗi ya rufe ni. Akwai wani ɗan rubutu a ƙasa da ke cewa a danna a ga saura. Ban danna ba. Mijina Ukasha ya leƙa shafin a wayarsa, ya ce araha dai ba ta ado, na ce masa ya je ya ji da buhunan masararsa.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma girman kai bai bar ni ba. Na tura wa Cynthia adireshin shafin, na rubuta mata: Ga shi, kafin la'asar, ko sisi ban kashe ba.

Washegari da hantsi ta shigo shago. Ba ta zauna ba. Idanunta sun kumbura, amma muryarta lafiya lau.

"Anti, ba ni wayarki."

Na miƙa mata ina murmushi, na zaci yabo ne ya kawo ta. Ta danna wancan rubutun na ƙasa, ta yi ta ja, riguna suna wucewa, sai ga shafukan littafina ɗaya bayan ɗaya, da sunaye da ƙugu da ƙirjin matan rabin unguwa. Ta tsaya a kan ɗaya, ta buɗe shi da yatsu biyu, ta juyo mini da wayar. Rubutuna ne, da jan biro.

Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba tun da aka haife ni. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na buɗe baki in ce kuskure ne, sai na ga ai ta san kuskure ne, ba abin da ya kawo ta ke nan ba.

Ta ja kujera ta zauna, ta goge hotunan daga shafin, ta shiga wasu wurare da ban san da su ba ta sake gogewa. Sannan ta duba wani lissafi.

"Mutum uku ne suka taɓa buɗe shafin nan," ta ce. "Ke, da wani a wayar da ba taki ba."

"Ukasha ne."

"Da ni. Ni kaɗai na kai ƙasa."

Duk faɗin duniyar nan da ake ce mini shafi yana kaiwa, mutum ɗaya tak ya karanta, ita ce wadda aka ce kada ta sani. Kuma ni na aika mata da hannuna.

"Yaushe aka yi mata?" ta tambaya.

Na gaya mata. Me ya rage da zan ɓoye? Ta kalli keken ɗinki, tana ƙirga watanni da yatsu.

"Lokacin da take ce mini netwok ba kyau a wurin kwas," ta ce. Ta share fuska da bayan hannu. "Anti, kada ki gaya mata na sani. Ta sha wahala wajen ɓoyewa. Ki bari ta faɗa mini da kanta ranar da ta shirya."

Na ce zan biya ta aikin da ta yi. Ta dube ni kawai, ta ajiye wayar a kan tebur ta fita.

Ranar Asabar sai ga Madam Beatrice da sabuwar atamfa a leda, za a yi bikin godiya a cocinsu. Fuskarta a sake, har ta ɗan yi ƙiba.

"Cynthia ya ce ya ga shafinki, wai kin yi ƙoƙari," ta ce tana dariya. "Kin ga, kin fi mu wayo. Yarinyar nan kuma ban san abin da ya same shi ba. Kwana biyu ko bokiti ba ya bari in ɗauka, jiya har ƙafa ya matsa mini."

Na ce Allah ya yi mata albarka. Na karɓi ledar atamfar na ajiye.

"Rufe ƙofa," ta ce. "A sake awo, soson ya fara kwanciya."

Na rufe. Ta cire riga ta rataye, ta ɗaga hannuwa kamar yadda ta saba, ba ko ɗar.

"Ni dai a garin nan," ta ce, "bayan Allah sai ke. Bakinki ba ya yoyo."

Na zagaya tef ɗin a ƙirjinta. Sau uku ina kallon lambar, na kasa karantawa.

"Ba za ki rubuta ba?" ta tambaya, tana nuna littafin.

"A'a, Madam," na ce. "Zan riƙe a kai."